Ɗakin Hajiya: Tarihin Yadda Muka Sayo Zafi da Kuɗinmu

 Waɗanda data ta hana su saurare, ga shi nan an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Tun bayan shirin da muka yi a kan sauyin yanayi, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonninku: to mu da ba mu da gwamnati a hannu, ba mu da masana'anta, me za mu iya yi a gidajenmu? Wani ma cewa ya yi, "Malam, gidan da ba ya cutar da muhalli ai sai mai kuɗin sola." Na yi dariya, don ni ma da haka nake gani. Yau tarihi za mu bi, tarihin gidan Bahaushe. Amma bari in fara da abin da ya faru a gidanmu, don shi ya sa na je na karanta tarihin.

Kun tuna azumin 2024? Wanda ya yi shi ba sai an ba shi labari ba. Gidanmu a sabuwar unguwa yake a bayan garin Kano, ginin bulo da rufin kwano, irin wanda kowa ke buri. Wuta sai ta yi kwana biyu ba mu ga ƙyallinta ba. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka lulluɓe shi da buhu. Idan aka sha ruwa, ɗaki ba ya shiguwa. Ka taɓa bango ƙarfe goman dare ka ji shi kamar tanda. Mahaifiyata na fama da hawan jini, sai dai ta jiƙa zani ta lulluɓa a tsakar gida, kuma tsakar gidan ma duk siminti ne, shi ma turiri yake yi.

Wata rana aka aike ni cikin gari in kai wa kakata kayan buɗa-baki. Wajen ƙarfe uku ne na rana, lokacin da ko kare ba ya yawo. Na yi sallama na ɗaga labulen ɗakinta, wani tsohon soro na ƙasa da kakanmu ya gada. Wallahi jama'a sai da na ɗaga kai ina neman inda aka saka na'urar sanyaya ɗaki. Babu. Ko fanka ba ta juyawa. Na zube a kan tabarma, ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka Hajiya na jan carbi tana kallona, ta ce, "Maigida, gaisuwa ka zo ko shan sanyi? Ɗakin da kuka ce za ku rushe ne fa."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa. Watanni kafin nan Baffana ya tara mu ya ce a rushe soron a yi mata na bulo, kuma ni ne na farko da na goyi baya. Ni ne ma na zauna da biro na lissafa buhunan siminti. Ni da nake yawo makarantu ina wa yara lacca a kan muhalli.

A makon nan ne, ranar 3 ga Afrilun 2024, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani babban asibiti a Bamako ya ce mutum 102 suka rasu a wurinsa a kwana huɗun farko na watan. Kuma a wannan ranar dai hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ƙara wa 'yan rukunin farko kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane ma'auni. Wato zafi na ƙaruwa, abin da za a kore shi da shi ma na ƙara tsada. Sai na tambayi kaina: me kakannin nan suka sani da mu muka manta?

To mu koma baya.

Gini da ƙasa ba sabon abu ba ne a wurinmu, kuma ba aikin talaka kaɗai ba ne. Gidan Rumfa, fadar Kano, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Gidan Makama da ke kusa da shi, wanda yanzu gidan tarihi ne, shi ma asalinsa na wancan zamanin ne. A Katsina ga hasumiyar Gobarau. A Agadas ga hasumiyar babban masallaci, tsayinta mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta saka tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. A Zariya, zamanin Sarki Abdulkarimu, wajajen 1830 da wani abu, Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, ya gina masallacin Juma'a da bakan gizo irin wanda har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine, har aka kwaikwayi wasunsu a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Duk da ƙasa aka yi su.

Yaya ake yin ginin? Magini zai sa a haƙo ƙasa, sau da yawa a cikin unguwar ma. A zuba ruwa, a tattaka da ƙafa, a haɗa da ciyawa ko kashin doki, a bar ta ta kwana biyu tana tsima. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ba a ƙona shi, ba a ɗauko shi a tirela daga wata jiha. Da rani ake ginin. Katanga a yi ta da kauri a ƙasa, tana sirancewa tana hawa.

Rufi kuma azara ce, wato giginya da aka tsaga. An zaɓe ta ne don gara ba ta cika cinta ba. Amma azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta kai mita 2, shi ya sa magina suka ƙirƙiro dabarar ɗora ta hawa-hawa, da bakan gizo, da ɗaurin guga, har ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. A shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a daɓe, a fitar da indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Wurin da ya fi burge ni shi ne abin da ake shafe ginin da shi don kada ruwa ya ci shi. Akwai makuba, daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Akwai katsi, wato dattin da ke kwanciya a ƙasan rijiyar marina, a kwashe, a ƙona, a daka. Idan aka haɗa katsin da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi, shi ne laso, simintin kakanninmu. Ku duba fa: sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini. Abin da yau ake tara mu a otal ana koya mana da sunan sake sarrafa shara, su sana'a ce kawai.

Me ya sa ɗakin ke sanyi? Ba tsafi ba ne. Ƙasa mai kauri ba ta barin zafi ya ratsa ta da wuri. Rana za ta wuni tana dukan bangon, amma kafin zafin ya iso ciki, sa'o'i sun shuɗe, rana ta faɗi. Da dare bangon ya saki abin da ya sha, ya kwashi sanyin asuba, shi ne kake tararwa da azahar. Da hunturu kuma abin ya juya, ɗakin ya riƙe ɗumi. Taga ƙarama ce kuma a sama take, iskar da ta ɗumama ta fice ta nan. Gidaje a manne da juna, lungu a tsuke, kowane bango na yi wa na kusa da shi inuwa. Tsakar gida ƙasa ce ko yashi, a yayyafa ruwa da yamma, ga bishiya, ga randa a gindinta. Randar ma lissafi ce: ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska na busar da shi, bushewar ce ke janye zafin.

Har ramin da aka haƙi ƙasar bai tashi a banza ba. Shi ne kududdufi. Da damina ruwan unguwa can yake gangarawa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci tafkunan da ke cikin birnin, har da Jakara. Ba na ce kududdufi ba shi da illa ba, akwai sauro, akwai ƙazanta, akwai yaran da suka nutse. Amma da muka cike su da shara muka yanka filaye muka gina, ruwan bai fasa zuwa ba. Ɗakunanmu ya koma shiga.

To yaushe abin ya sauya?

Turawa sun ci Kano a 1903. Da farko su ma a ginin ƙasa suka zauna. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nasarawa a 1909, na ƙasa ne, kuma yana nan har yau. Tsohuwar kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ita ma ginin ƙasa ce. Abin da ya canza lissafi shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fata ba ya dawowa wayam, yana dawowa da kaya, ciki har da kwanon rufi da siminti da ƙusa. Abin da raƙumi da jaki ba za su iya ɗaukowa daga bakin teku ba, tarago ya kawo shi cikin 'yan kwanaki.

Sannan aka raba gari. Dokar Lugga ta 1917 ta ware unguwar Turawa, da fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa. A can ake ginin dutse da siminti, da baranda, da manyan bishiyoyi. Ofis, asibiti, tasha, duk inda iko yake, ba ginin ƙasa ba ne kuma. A hankali ido ya saba: siminti shi ne ci gaba, ƙasa ita ce baya. A Nijar ma haka Faransawa suka bar mutane da bambancin gini mai ƙarfi da ginin laka. Abin takaicin, mun ɗauko simintin Bature da kwanonsa, amma mun bar masa barandar da dogon rufin da bishiyoyin da suka sa gidan nasa ke zaunuwa. Ita kanta darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, daga Indiya aka kawo ta, an fara dasa ta a Barno wajajen 1928, don inuwa.

Bayan haka sai masana'antu. Kamfanin siminti na Nkalagu ya fara aiki a 1957, na Sakkwato a 1967, na Ashaka a 1979. Ga kuɗin fetur, ga ƙarin albashin Udoji. Akwai wani labari da ya kamata kowane matashi ya sani. A 1974 zuwa 1975, zamanin Janar Gowon, hukumomin gwamnati suka yi odar siminti tan miliyan 20 daga waje, alhali tashar jirgin ruwan Legas abin da take iya saukewa a shekara bai wuce wajen tan miliyan 1 ba. Jirage sama da 400 suka yi layi a teku, wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira. Wani simintin a cikin jirgin ya daskare. Wannan ya nuna muku irin haukan siminti da ya kama ƙasar a lokacin. Iyayenmu a cikin wannan zamanin suka taso. Duk wanda ya samu, abu na farko shi ne ya kwance azara ya buga kwano. "Ɗan gidan ƙasa" ya zama gori.

Kuma simintin nan ba a nan kaɗai yake ƙona mu ba. Kafin a same shi sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450. Dutsen kansa na fitar da iskar kabon, man da ake gasa shi ma na fitarwa. Kusan kashi 8 cikin 100 na kabon ɗin da duniya ke fitarwa daga siminti yake. Wato muna gina ɗaki mai zafi da abin da ke ƙara wa duniya zafi, sannan mu sayi na'ura mu kunna janareta mu ƙara wani hayaƙin.

Yanzu bari in tsaya, kada wani ya ce na zo ina waƙar jiya. Iyayenmu ba wawaye ba ne. Suna da dalili.

Ginin ƙasa yana son hidima. Duk shekara kafin damina sai an hau an duba, an toshe tsaga, an yi yaɓe. Idan aka yi sakaci, kashe mutum yake yi. Ranar 11 ga Agustan 2023, ana sallar la'asar, wani sashe na wannan masallacin na Zariya da na ambata ya rufto, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Abin da ya tsorata Baffana ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Duk damina muna jin gidajen da suka faɗa wa masu su cikin dare. Ga giginya ta yi ƙaranci, musamman bayan farin 1973 da na 1984. Ga ɗakunan da ba haske. Ga murhu mai duwatsu uku, wanda hayaƙinsa ya cinye idanu da ƙirjin iyayenmu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatar iskar cikin gida, galibi daga girki, na kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya duk shekara. Wannan ba abin da za a yi kewarsa ba ne.

Kuskuren da muka yi shi ne, da muka ga aibin, sai muka watsar da ilimin gaba ɗaya maimakon mu gyara shi. Amma akwai waɗanda suka gyara, kuma yawancinsu namu ne.

A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙawata shi shekara da shekaru. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fannin a duniya.

Da itace ya yi wuya, tun daga 1980 aka fara koya wa magina a Nijar rufin ƙasa zalla, tulluwa da baka, ba azara ko ɗaya. Dabarar daga mutanen Nuba na kudancin Masar aka aro ta, wadda masanin gine-ginen nan Hassan Fathy ya farfaɗo da ita a shekarun 1940.

A Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta da ya fito daga gidan masu ginin tukwane, ya ɗauki lissafin randa ya ƙara masa. Tukunya ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Gautan da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27. Tumatir da tattasai suka kai mako uku. Firji ba wuta. Ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Ku faɗa mini gaskiya, mu nawa ne aka koya mana sunansa a makaranta?

A Yamai, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina gidajen zamani masu bene a 2016 da bulon ƙasa da inji ke matsewa. A 2018 ita da Yasaman Esmaili suka kammala aiki a Dandaji, garin Hausawa, suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo a gefensa da ƙasar wurin. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina wa ƙauyensu Gando makaranta da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta ratsa tsakani. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker. Kun ga shi bai ƙi kwano ba, wurin zamansa ya gyara masa.

To mu dawo ɗakin Hajiya.

Bayan sallah na je na sami Baffa, na durƙusa na ce, "Baffa, ina neman alfarma. Kafin a sa diga, a bari wanda ya san ginin ya duba." Ya ce, "Kai da ka yi mana lissafin siminti?" Na ce, "Ni ne, Baffa. Ban sani ba ne a lokacin." Ya yi shiru, can ya ce, "Idan ya faɗo mata, kai za ka amsa." Maganar nan ta hana ni barci.

Da ƙyar muka samo wani dattijon magini. Ya zo da 'yar sandarsa, ya zaga, ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya sa aka kafa tsani ya hau. Da ya sauko ya ce azara biyu sun tafi, sauran garau suke. Sannan ya nuna mana abu biyu. Indararo ya karye tun bara, ruwa na bin bango. Na biyu, filastar simintin da aka yi wa bangon ta waje shekarun baya, da sunan gyara. Ya sa sanda ya ɓamɓaro wani wuri, sai ga ƙasar ciki a jiƙe. Ya ce, "Ɗana, ƙasa numfashi take yi. Kun sa mata rigar da ba ta shan iska. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita." Na ce, "Baba, a gaskiya zai yi?" Ya ce, "Idan za ku duba shi duk shekara, zai binne ni, ya binne baffanka. Idan ba za ku duba ba, ku rushe yau, kada ku kashe baiwar Allah."

Aka canja azara biyun, aka kankare simintin, aka yi sabon yaɓe, aka sa indararo mai tsawo, aka ɗaga gindin bangon da dutse don kada ruwan lungu ya taɓa shi. Abin da muka kashe bai kai rabin lissafin da na yi da biro ba. Daminar 2024 kun san yadda ta yi ruwa. Duk daren da hadari ya haɗo sai na kira waya cikin gari. Ɗakin yana nan. Amma ban ce an gama ba, don na ɗauki alkawari duk watan Afrilu ni zan kawo mai dubawa. Abin da ke damuna, da na tambayi Baba magini wa ya koya wa aikin, sai ya yi murmushi ya ce 'ya'yansa duk adaidaita sahu suke ja.

Na san mafi yawanku ba ku da soro, wasu ma haya kuke. To ga abin da muka ɗauko daga ɗakin Hajiya muka kai gidan bulo, ba tare da mun rushe komai ba.

Mun fasa simintin tsakar gida a wuri biyu mun dasa bishiya, ta ɓangaren yamma, inda rana ta fi dukan bango. Ruwan alwala da na wanke-wanke marar sabulu da yawa can yake tafiya. Mun kafa rumfar zana a jikin bangon ɗakin Umma, don bangon da rana ba ta taɓa ba, ba ya dafa mutum da dare. Mun shafe kwanon ɗakinta da farin fenti, don fari na mayar da hasken rana. A birnin Ahmedabad na Indiya hukuma ce ma ke yi wa gidajen talakawa haka tun 2017. Mun buɗe 'yan ƙofofin iska a saman bango, mun sa raga saboda sauro. Da rana a rufe tagogi a saki labule, da dare a buɗe duka. Mun dawo da randa. Mun canja ƙwan fitila, mai cin wat 60 ya koma mai cin wat 9, haske ɗaya. Girki ya bar lungun da ba iska, kuma aka samo murhu mai tattalin gawayi. Cefane da kwando ko jaka, don ledar da ka karɓa yau ita ce za ta toshe kwatar da za ta maido maka ruwa ɗaki a watan Agusta. Sola tana da kyau, wanda Allah Ya hore wa ya saka. Amma gidan da aka rage masa zafi, ƙaramar sola ma ta ishe shi.

Ba zan ce muku ɗakin Umma ya zama kamar na Hajiya ba, ƙarya ne. Bulo bulo ne. Amma bana ta daina kwana da jiƙaƙƙen zani.

Wanda kuma ke shirin gini, don Allah kafin ka kira mai bulo ka tsaya a filin da safe, ka dawo da yamma, ka ga ta ina rana ke bugowa, ta ina iska ke zuwa. Kada ka cinye filin duka da ɗakuna, ka bar wa bishiya wurinta. Ka ɗaga rufi. Ka tambaya ko akwai mai buga bulon ƙasa a kusa. 'Yan'uwana masu karatun zanen gine-gine da injiniyanci a Zariya da Kano da Yamai, dattawan nan suna ƙarewa. Ku je ku zauna da su da littafi da waya tun suna iya hawa tsani.

Aikin gida na wannan makon: duk wanda akwai tsohon ginin ƙasa a danginsu, ya je da azahar ya zauna minti goma a ciki, ya ɗaga kai ya duba azara da indararo, ya tambayi tsofaffin gidan wa ya gina shi, kuma yaushe rabon da a yi masa yaɓe. Ku turo mana abin da kuka ji, da sunan garin, za mu karanta a shiri na gaba in sha Allahu. Idan kun san magini na gargajiya da har yanzu yake aiki, shi ma ku faɗa mana, akwai masu nema.

Hajiya ta ce in gaishe ku. Ta ce kuma in daina zuwa mata barcin rana hannu rabbana.

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.